Minti Goma Sha Bakwai Da Lawali Ya Hana Mu Gani

Ƙaura Namoda,
Talata, kwana huɗu bayan Babbar Sallah,
ƙarfe tara da minti ashirin na safe.

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake tsakanin inda nake zaune da ƙofar ɗakinka taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Ina zaure, a kan teburin da na rubuta kundin digirina. Kai ka fita tun ƙarfe takwas karɓo takardar kama aiki. Mahaifiyarka tana tsakar gida tana daka maka yajin tafiya. Jibi Alhamis, in Allah Ya kai mu, za ka shiga motar 'yan kasuwar Shinkafi, daga can ka ƙarasa ƙaramin asibitin da aka tura ka a yankin Jangeru. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare masu bin ta.

Sunan mahaifina ka ci, kuma kai ne na fari. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, to ta yaya zan zaunar da kai in yi maka maganar soyayya ido da ido? Shi ya sa na koma ga biro. Zan ba ƙanwarka Maryam ta miƙa maka da azahar. Kada ka ajiye sai ka isa Jangeru. Yau nake so ka karanta.

Malamin da ya duba kundina ya koya mini abu ɗaya da na riƙe fiye da duk abin da na karanta a shekara biyar ɗin nan: in raba abin da na gani da abin da aka faɗa mini. To ga abin da na gani. Ranar Asabar wayarka ta yi ƙara sau huɗu a gabana muna cin abinci, ka kifa ta sau huɗu. Ga kuma abin da aka faɗa mini. Maryam ta ce Asma'u ce ke kira, yarinyar da muka kai gaisuwa gidansu wata biyar da suka wuce, kuma yau kwana goma sha ɗaya ba ka ɗauka ba. Ta ce ka ce mata hanyar Shinkafi ba ta da tabbas, ba ka so ka mayar da 'yar mutane mai takaba, gara ka yi shiru har ta gaji ta saurari wani. Kada ka yi wa Maryam faɗa. Sai da na tambaye ta sau uku kafin ta buɗe baki.

Da na ji wannan ban yi fushi ba. Tsoro na ji, domin na san inda ka koyo shi. A wurina ka koya. Ni kuma a gidan bidiyon Lawali na koya, a Zurmi, ina ɗan shekara goma sha tara.

Ka san kakanka malami ne, marubucin alƙali. A gidanmu ko rediyo sai labarai. Lawali kuwa yana da talabijin da injin bidiyo da janareto a wani shago bayan kasuwa, da benci shida. Dattawan unguwa sun yarda ya buɗe bisa sharaɗi biyu: ba kallon dare, kuma da ladan ya ɗaga murya da kiran Magariba a kashe. Saboda haka kallonmu tsakanin La'asar da Magariba ne. Nakan ce wa kakanka zan je bitar karatu wurin aboki. Wannan ƙarya ce, na kuma nemi gafararsa tun yana raye, ya ce ya sani tun a lokacin, domin mai bitar karatu ba ya dawowa yana warin hayaƙin janareto.

Yawancin kaset ɗin Lawali na faɗa ne da na rawa. Amma akwai guda ɗaya da wani direba ya kawo masa daga tsallaken iyaka, ba shi da kwali, ba shi da suna. An ɗauki kokawar gargajiya a kan farkonsa, don haka sai ka kalli ƙarti biyu suna kai juna ƙasa na minti uku, sannan kwatsam ka ga kogi da ƙanƙara. Baƙi da fari ne. Harshen da suke yi ba Turanci ba ne, rubutun ƙasa kuma Faransanci ne, babu mai karanta shi a cikinmu. Mun sa masa suna Mai Fito. Na kalle shi sau tara. Bakwai ina da tabbas, biyu ina kyautata zato.

Ga labarin yadda muka gane shi da ido. Ana yaƙi a wata ƙasa mai sanyi. Akwai wani mutum mai jirgin fito, irin wanda ake ja da igiyar ƙarfe daga gaɓa zuwa gaɓa. Akwai wata malamar makaranta da take ƙetarewa kullum da safe. Ba ya yi mata magana sai gaisuwa. Ita kuma kullum in za ta sauka sai ta bar masa guntun burodi a ƙunshe cikin ƙyalle a kan akwatin kayan aikinsa, kamar mantuwa ta yi. Washegari ya mayar mata da ƙyallen a wanke, a ninke huɗu. Babana, an fi rabin sa'a ana wannan ƙyallen, kuma babu wanda ya taɓa yin tsaki a shagon. Samari ne da in jarumi ya yi minti biyar bai naushi kowa ba sai su fara buga benci. Har yau ina mamakin yadda mai shirin ya yi. Ba ya nuna fuska da yawa, hannaye yake nunawa. Hannunta yana ajiyewa, hannunsa yana ninkewa. Da ƙarar bindigogi ta fara matsowa garin, ba a nuna mana soja ko ɗaya ba, sai ruwan da ke cikin kofinsa yana rawa.

Ranar da abokan gaba suka kusa, ya yi ta ƙetarar da mutane tun safe. A sahu na ƙarshe ita ce da 'yan makarantarta. Ta tsaya a bakin jirgi ta miƙa masa hannu, ya yi mata alama da kai cewa yana tafe. Sai ya damƙa wa wani tsoho ragamar jirgin, ya sa ƙafa ya tura shi cikin ruwa, shi ya tsaya a gaɓa da gatari, don ya sare igiyar bayan sun isa kada a jawo jirgin a bi su. Tana kira, ruwa yana faɗaɗa tsakaninsu. Bai ce komai ba. Ya cire hularsa ya ɗaga sama.

Daidai nan ladan yake kira. Lawali ya danna maɓalli, allo ya yi baƙi.

Mukan yi ihu, "Lawali, don Allah minti biyu!"

Ya ce, "Ku tashi, an yi kira. So kuke a rufe mani shago? Mi ya rage? Kuka ne kawai."

Sai mu fita alwala kowa ƙirjinsa a cike. Har gaisuwa muka mayar da abin: in abokinka ya hau mota sai ka cire hula ka ɗaga, ba ka cewa komai. Mun ɗauka mun koyi yadda namiji yake so. Ya yanke shawara shi kaɗai, ya ɓoye ta, ya tsaya a gaɓa. Ina so ka san cewa ba wauta ce zalla ba. Akwai kyau na gaskiya a tsayuwar mutumin nan, kuma har gobe in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi. Amma da wannan rabin labarin na shiga aure.

Kuskurena na farko ya faru kana ciki wata bakwai. Ina koyarwa a firamare, sai takardar shiga jami'a ta zo mini daga Sakkwato. Na karanta ta a bakin ofishin hedimasta, na dubi halin da ake ciki a gida, na ce mai fito ba zai tafi ba. Na ninke ta na sa cikin ƙamus, ban gaya wa kowa ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Bayan shekara tara mahaifiyarka tana neman inda za ta adana hotonka na makaranta kada ya lanƙwashe, ta buɗe ƙamus ɗin. Na dawo na tarar da ita zaune a bakin gado.

Ta ce, "Malam, wagga takarda fa?"

Na ce tsohuwar magana ce.

Ta ce, "Aji shida na yi, na iya karanta sunanka. Don mi ba ka tahi ba?"

Na ce, "Saboda ke. Kina da ciki."

Na gyara tsayuwa ina jiran hawaye da godiya. Ta dube ni kamar yadda take duban mai nama in ya sa mata ƙashi a awo.

"Saboda ni? Yaushe muka zauna da kai muka yi wannan shawara? Ina da uwa a cikin gari, ina da yayye uku. Mata nawa suka haihu mazansu na Sakkwato? Ashe shi ya sa duk ranar da abokanka suka zo hutu da jakar littattafai sai ka ƙi cin tuwo. Shekara tara kana kallona kana ganin wadda ta tare maka hanya, ni kuwa ina ta sauya miya ina cewa ko gishiri ne."

Na so in musa, amma gaskiya ta faɗa. Na riƙa jin haushinta a ɓoye a kan abin da ba ta ma san an yi ba. Ka ga dalilin da sai bana, ina da shekara hamsin da biyu da furfura, na sa rigar kammala digiri, a layi ɗaya da yaran da na koya wa baƙaƙe. Abin da nake so ka ɗauka a nan: in ka bar wani abu saboda mutum ba tare da ka tambaye shi ba, ka ɗora masa kaya yana barci. Ranar da ya farka ba godiya zai yi ba, tambaya zai yi, wa ya aike ka.

Da na ɗauki darasi a nan da sauƙi. Ban ɗauka ba. Na biyu kai ma shaida ne, kana da shekara goma sha huɗu. Lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen da nake koyarwa a yammacin Zurmi, na sa ku a mota zuwa nan Ƙaura, gidan kawunka. Mahaifiyarka ta riƙe ƙofar motar ta ce, "Malam, shigo mana." Na ce akwai 'yan abubuwan da zan kintsa a makaranta, Juma'a ina tafe. Na san ba na tafe. Na riga na yanke cewa zan zauna in riƙe makarantar, tunda hedimasta ya tafi. Mota ta tashi, kuma ina jin kunyar rubuta wannan, na cire hulata na ɗaga. Kai ka ɗago mini hannu ta taga. Ita ba ta waiwayo ba. Na ce a raina ba za ta iya jure kallona ba ne. Daga baya ta gaya mini ta ga buhun geron da na ɓoye a bayan ƙofa tun da safe, ta san wanda zai biyo bayan kwana uku ba ya ajiye buhu.

Shekara ɗaya da wata huɗu na yi. Bari in faɗi gaskiyar da ban taɓa faɗa muku ba. Makarantar ta rufe bayan wata biyar, domin iyaye sun kwashe yaransu. Sauran wata goma sha ɗaya ba abin da na tsare sai kujeru. Kunya ce ta riƙe ni. Na yi tsayuwar jarumi a tasha, ban san yadda jarumi yake dawowa da jaka a hannu ba tare da ya ceci kowa ba. Ku kuwa kowace Juma'a ana zuba tuwona a kwano a rufe, ana aikenka tasha ka tsaya har motar ƙarshe ta sauke mutane. Mahaifiyarka ta ce Juma'a sittin da wani abu, ni na lissafa na samu sittin da tara. Ba ka taɓa yi mini maganar ba. Ina neman gafararka yau a rubuce.

Ka lura, ban ce zaman da na yi na wata biyar ɗin farko kuskure ne ba. Akwai yaran da suka zana jarrabawa saboda shi. Ƙaryar ce kuskure. Da na ce mata, Hauwa, ina so in zauna, me kika gani, wataƙila ta ce zauna, wataƙila ta ce a'a mu yi ta jayayya har direba ya yi fushi. Ko wanne ne, da tana da hannu a ciki, da ta san abin da take jira, da ba a aike ka tasha ba.

Na uku ƙarami ne amma ya fi muni. Bayan na dawo, duk ranar da kuka ɓata mini rai sai in ce, ni da na zauna cikin daji saboda ku. Ka ji shi ya fi a ƙirga. Mai fito dai bai taɓa yi wa kowa gori ba, ni na ƙara wannan daga aljihuna. In ka je Jangeru ka sha wuya saboda marasa lafiya, kuma za ka sha, kada wata rana ka zo ka karanta wa matarka ko 'ya'yanka jerin wuyar. Ba su suka aike ka ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wata biyu da suka wuce, bayan na miƙa kundi, kaina ya saba da tone-tone ya rasa abin tonawa. Ina zaune ina duba jadawalin lokutan salla da ke manne a bangon zaure, sai wata tambaya ta faɗo mini wadda ya kamata ta zo shekara talatin da uku da suka wuce. Magariba ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tsakanin ta lokacin sanyi da ta damina akwai tazara mai yawa. Ni kuma na kalli Mai Fito da sanyi, na kalle shi da bazara, na kalle shi ana ruwa. To ta yaya kiran salla yake faɗawa daidai kan ɗaga hula kowane lokaci?

Kwana biyu abin yana cina. Na yi tambaya, aka ce Lawali yana nan da rai, shi ma rikici ya koro shi Ƙaura, yana gyaran rediyo da fitila kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Na same shi da hantsi, ya tsufa, tabarau ɗaure da zare. Da na gabatar da kaina ya ce, "Ɗan gidan marubuci! Kai ne mai zama bencin gaba kana share ido kana cewa hayaƙi ne." Na yi masa tambayata. Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Shekara talatin ba wanda ya lura sai kai. Lallai boko ya kama ka da tsufa. Ranar farko kiran salla ne, wallahi. Da kuka watse na ƙarasa shi ni kaɗai washegari da safe. Da na ga abin da ke ciki na ce wanga ba na samari ba ne. Daga nan nake duba rana, in san sa'ad da zan kunna. In lokaci ya yi saura, in ƙara muku kokawa."

Na ce, "Me ke ciki?"

Ya ce, "Malam, wa zai dawo kallon jarumi yana shan mari?"

Kaset ɗin yana nan cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe, injin ma yana nan. Ya ɗauki mako guda yana lallaɓa shi. Wata ranar Lahadi da safe, kana wurin ɗaurin auren abokinka, na kawo injin gida a bayan babur. Na ce wa mahaifiyarka ta zo ta ga wani abu. Ta ce tana da wanki. Na ce shekara talatin da uku nake jiran wannan, ta ce to wankin ma zai iya jiran sa'a biyu.

Ta kalli kokawar ta ce, "Wannan ne?" Na ce ta yi haƙuri. Da aka zo kan ƙyallen burodi ta matso da kujerarta. Can ta ce, "Ya iya ninki." Da aka zo gaɓa, ya tura jirgi, ya cire hula ya ɗaga, sai ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

"Au! Nan ka samo ta?"

Na duba agogo, domin in san tsawon abin da ya rage. Minti goma sha bakwai ne.

Jirgi ya isa. Malamar ta ƙirga yaranta ɗaya bayan ɗaya ta damƙa su ga wata tsohuwa. Ba ta yi kukan da Lawali ya ce ba. Ta tsaya tana kallon igiyar, tana jiran ta ga ta saki. Igiya ba ta saki ba. Gari ya waye tana nan a miƙe. Sai ta kwance wani ƙaramin kwalekwale ta koma, ita kaɗai, cikin hazo. Ta same shi kwance a gindin turken da aka ɗaure igiyar, harsashi ya same shi a cinya, gatarin ya dakushe, igiyar ko rabi bai ci ba. Ya ga ta zo, ya fara lalubar hularsa. Ta durƙusa ta kwaɗa masa mari.

Mahaifiyarka ta ce, "Madalla."

Sannan ta ciro ƙyallen nan ta ɗaure masa cinya. Ta shiga bukkarsa ta fito da wani dogon zarto mai mariƙi biyu. Babana, zarton nan yana rataye a bangon bukkar tun farkon fim, na gan shi sau tara ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Ba ya yanka sai da mutum biyu, ɗaya ya ja, ɗaya ya mayar. Shi ya san da haka, shi ne mai jirgin. Ya zaɓi gatari ne don kada ya roƙe ta ta tsaya. Yana zaune tana tsaye suka yi ta ja, ruwan kofin nan yana rawa a gefensu, har igiyar ta tsinke ta yi bulala cikin kogi. Ta ja shi zuwa kwalekwale. Suna tsakiyar ruwa, ana harbi daga gaɓa, sai kaset ya fara tsiri-tsiri, hoto ya narke. Minti biyu na ƙarshe sun lalace. Na mayar sau uku, ba abin da ya fito sai kiɗa.

Sannan mahaifiyarka ta miƙe tana gyara ɗankwali ta ce, "Ni ban samu kwalekwale ba, Malam. Da na samu, da ka sha naka." Ta koma wankinta. Na ji tana dariya ita kaɗai a bakin rijiya, daga baya kuma na ji ta daina.

Na yi ta tunanin fim ɗin tun ranar. A da ina ganin labarin sadaukarwar mutum ɗaya ne. Yanzu na ga sadaukarwar ta mutum biyu ce, kuma tata ta fi tasa nauyi, domin ita ta riga ta tsira ta dawo da idonta a buɗe. Shi kuwa, da duk kyan niyyarsa, saura kaɗan ya jawo a bi yaran nan, saboda ya fi son ya mutu shi kaɗai da ya ce taimake ni. Ban rage ƙaunarsa ba. Na dai daina son in zama shi a minti na ɗaga hula.

Kada ka ɗauka na warke. Makon jiya, da na ji inda aka tura ka, na kasa cin abinci. Na rubuta wa wani tsohon ɗalibina da ke aiki inda ake rarraba ma'aikata, ina roƙon a sauya maka wuri ba tare da ka sani ba. Ina cikin ninke takardar mahaifiyarka ta shigo da shayi, ta karanta ta saman kafaɗata, ta ce, "Ka tambaye shi?" Na ce a'a. Ta ce, "To sa hularka, kada ka sake ɗaga ta." Na yaga takardar. Ina tambayarka yanzu: kana son zuwa? In kana so, ka je da albarkata, ko da yake zan riƙa duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. In ba ka so, ka faɗa, mu nemi hanya tare a fili.

Game da Asma'u, ban ce ka aure ta gobe ba, ban ce ka ɗauke ta zuwa Jangeru ba. Tsoronka ba na banza ba ne, na san hanyar nan fiye da kai. Abin da na ce shi ne ka je zauren gidansu ka faɗa mata abin da ka faɗa wa Maryam, da kalmomin da ka faɗa. Mahaifinta direba ne, shekara da shekaru yana bin hanyar Shinkafi, ita ce take buɗe masa ƙofa in ya dawo. Ta san abin da jiran mai tafiya yake nufi tun kafin ka san ta. Tana iya cewa za ta jira. Tana iya cewa ba za ta iya ba, kuma in ta faɗi haka ka karɓa ba tare da ka riƙe ta a zuciya ba. Amma shirun da kake yi ba ya kare ta daga komai. Yanzu haka tana zaune tana binciken kanta, tana neman abin da ta yi maka, kamar yadda wata ta yi shekara tara tana sauya miya.

Sauran 'yan abubuwa. Kada ka bi hanya bayan La'asar. Ka tambayi direbobi kafin ka tambayi waya. In ka ce za ka kira ranar Juma'a, ka kira ranar Juma'a, in kuwa ba za ka iya ba kada ka ambaci rana. Ka riƙe sallarka da azkar na safe da yamma. In aiki ya fi ƙarfin hannunka, ka kira abokin aiki tun kafin gatari ya dakushe.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga waɗanda za ka duba. Ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, daga Zurmi har Shinkafi har bakin iyaka. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ko da yake ita za ta faɗi nata da baki, kuma ina ba ka shawara ka tsaya nesa da hannunta.

Mahaifinka.

Ƙari, ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar. Malamina ya ce kowane bincike ya ƙare da abin da mai shi bai gano ba. Ga nawa.

Ban san sunan fim ɗin ba, kokawa ta cinye shi.

Ban san ƙasar ba, ban san ko wane yaƙi ne ba, ban san harshen da suke yi ba.

Ban san abin da ta ce masa bayan marin ba. Ta yi magana mai tsawo, rubutu ya cika ƙasan allo, Lawali ya ce direban da zai iya karantawa ya rasu.

Ban san ko sun kai gaɓa ba.

Ban san mu nawa ne cikin 'yan bencin nan muka tafi da rabin labari muka gwada shi a kan matanmu ba.

Ban san abin da mahaifiyarka za ta ce ba da na tambaye ta a tashar Zurmi. Na tambaye ta jiya, ta ce lokacin tambayar ya wuce, ita ma ba ta sani ba.

Ban san abin da Asma'u za ta ce ba. A cikin duka jerin nan, wannan kaɗai ne har yanzu ake iya ganowa. Daga ƙofarmu zuwa ƙofarsu minti bakwai ne a ƙafa, na gwada da safen nan. Motarka sai jibi.